Masu bin bidiyon motsa jiki a waya, abin yana aiki kuwa ko data kawai muke ƙonawa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman in akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu.

A Agege nake zaune, yarana biyu, ƙaramin ya kusa yaye. Tun haihuwar nan tumbi ya ƙi komawa, kuma ba ma tumbin ne ya fi damuna ba, haki ne. In na hau gadar tsallaka titi ta Ikeja Along sai na tsaya a sama na dafa ƙarfe na huta kafin na iya sauka ɗaya gefen, ni da ko arba'in ban kai ba. Zuwa jim kuma ba zai yiwu min ba, kuɗin wata ba kaɗan ba ne, kuma duk na kusa da mu a cakuɗe suke maza da mata, Abban Ilham ba zai yarda ba ni ma raina bai kwanta da shi ba, ko da ma akwai na mata zalla a can wani wuri wa zai shiga gosulon Legas da goyo safe da yamma saboda motsa jiki.

Shi ne ƙanwata ta turo min wasu bidiyo na YouTube irin waɗanda ake rubuta wa wai tumbi zai sauka cikin sati biyu, minti goma kullum. Na fara bi bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ina jingina wayar a jikin fulas ɗin shayi in shimfiɗa bargo a tsakar falo. Gumi kam ana yi, rigata sharkaf take jiƙewa. Amma sati biyun sun zo sun wuce ciki na nan yadda yake, sannan gwiwata ta dama ta fara ciwo in zan yi sujada ko in zan miƙe daga tsugunno, ga matar da ke ƙasanmu ta fara ƙorafin dirar da nake yi da sassafe, kuma tana da gaskiya don a kanta nake tsallen tana barci.

Abin da nake so na sani, an taɓa yin bincike na gaske a kan irin bidiyon nan kuwa, masana sun gwada sun ga yana amfani? Ko dole sai da mai koyarwa a gabanka? Maganar narkar da tumbin nan gaskiya ce? Gwiwar kuma in daure in ci gaba ko in tsaya? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baffa Mile 12:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya raya yara. Ni ba likita ba ne, ɗan gwari ne, amma na daɗe a Ikko kuma ina da ido. Ki zo Mile 12 da asuba lokacin da motocin tumatir da albasa suke sauke kaya daga Arewa ki kalli yaran da ke dako, kwando a ka daga bakin mota zuwa cikin kasuwa, su dawo su ƙara, har rana ta take. Ki nuna min mai tumbi guda a cikinsu. Wanne ne ya taɓa kallon wani bidiyo? Masu tumbin su ne iyayen gidansu da ke kan benci suna lissafi, ana kawo musu lemo mai sanyi ɗaya bayan ɗaya.

Iyayenmu mata a gida daka suke yi, surfe, ɗebo ruwa, sharar tsakar gida, ba wadda ta san wani abu wai shi jim, kuma da ƙarfinsu suka tsufa. Matsalar garin nan zama ne da ci. Mutum ya zauna a danfo awa biyu, ya zauna a shago, ya dawo da daddare ya ɗora shayi mai kauri da burodin Agege ko indomi da ƙwai ya kwanta a kai. A ganina masu bidiyon nan kuɗinsu suke nema, duk kallon da kika yi su ake biya, ke kuma datarki ta ƙare gwiwa ta lalace. Ki rage cin dare, ki bar lemon kwalba, in za ki kasuwa ki taka da ƙafarki maimakon hawa keke. Shawarata ke nan 'yata.

Hadiza Fisiyo:

Anti Maman Ilham sannu da ƙoƙari, wallahi mace mai goyo ta tashi bayan asuba saboda lafiyarta ba ƙaramin abu ba ne, kar ki karaya. Ni aikin gashin ƙashi nake yi a wani asibiti a nan Legas, kuma tambayarki kusan kullum sai an yi mana irinta.

Eh an yi bincike, kuma ba na wasa ba. Wanda na fi riƙewa shi ne na Jami'ar Illinois a Amurka da Farfesa Edward McAuley ya jagoranta, ya fito a 2013. Tsofaffi 307 suka ɗauka, 'yan shekara 65 zuwa sama, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su faifan DVD na motsa jiki su riƙa bi a gidajensu har wata 6, miƙe jiki da ƙarfafa tsoka da koyon tsayuwa daram don gudun faɗuwa, ɗaya kashin kuma aka ba su faifan bayani a kan lafiya kawai. Da aka zo auna su sai ga masu bin faifan motsa jikin sun fi 'yan uwansu ƙarfin hannu da sakewar jiki, sun kuma fi su maki a gwajin da ake haɗa tashi daga kujera da tafiya da tsayuwa. To kin ga bidiyo a ɗaki yana aiki, ba dole sai jim ba. Amma ki lura da abin da ya raba shi da wanda ƙanwarki ta turo miki. Faifan an tsara shi ne daidai ƙarfin mutanen, ya fara da sauƙi yana ƙara nauyi a hankali, sannan ba miƙa musu faifai aka yi aka manta da su ba, ana kiransu a waya lokaci lokaci ana bibiyar yadda suke ciki.

Maganar narkar da tumbi cikin sati biyu kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma tana ɓata min rai don ita ke sa mata su watsar da komai in ba su ga canji ba. A 2011 an gwada wannan kai tsaye a Amurka da mutum 24, kashi ɗaya suka yi sati 6 suna motsa jiki na ciki zalla kala 7, kwana 5 a sati, abincinsu bai canza ba. A ƙarshe naman cikin ya ƙara juriya, suna iya kwanta-tashi da yawa fiye da da, amma kitsen cikin da faɗin ƙugu suna nan inda suke. Kitsen jiki kamar ruwan tanki ne, in kin buɗe famfo ba ke za ki zaɓi ruwan wane gefe zai fara fita ba, gaba ɗaya yake sauka, kuma a jikin mata da yawa na ciki da na cinya su ne masu jinkirin tafiya.

Gumin da kike gani ma ba kitse ba ne, ruwa ne da gishiri, kina shan ruwa ya dawo. A garin nan mai danshi ko a layin BRT kike tsaye sai kin jiƙe ai. Kitse in ya ƙone yawancinsa ta numfashi yake fita, wasu masana a Ostareliya sun yi lissafin a 2014, a kilo 10 na kitse kilo 8.4 iskar da muke fitarwa yake zama, kilo 1.6 ne kawai ke zama ruwa. Shi ya sa masu naɗe ciki da leda ko bel ɗin nan mai matsewa da ake talla a Instagram wahalar da kansu kawai suke yi, ga ƙurajen zafi ga takura numfashi.

Baffa ina gaisuwa. Maganarka ta abinci gaskiya ce ɗari bisa ɗari, yawancin lemon kwalba akwai sukari wajen giram 10 a kowane 100ml, wato roba ɗaya ta 50cl ta kai giram 50, kuma tsallen minti 10 a ɗaki ba zai ƙone wannan ba. Inda zan ɗan saɓa maka cikin girmamawa shi ne, yaran dako sana'arsu ce ke motsa su, ita kuma Anti a bene take ciki da falo, ba turmi ba rijiya, dole ta ƙirƙiro motsin da kanta, kuma bidiyo hanya ce mai kyau in an dace da na kirki.

Ma'aunin da muke aiki da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 2020, babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana 2 a sati ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne wanda numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma ba za ki iya jan baiti ba. Minti 10 kullum minti 70 ke nan a sati, bai kai ba tukuna amma ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma takawar da kike yi ki kai Ilham makaranta da hawan benenku duk suna shiga lissafi. Hakin da kika ce, irin wannan motsin ne maganinsa, kuma shi za ki fara ganin ya sauƙaƙa tun kafin tumbi ya motsa.

Gwiwa kuma ki dakatar da duk wani tsalle yanzu yanzu. Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya tafi da kansa bayan kwana biyu uku wannan ba komai ba ne, amma ciwo a cikin gaɓa har ya hana sujada ba a daurewa a kansa. Ki nemi bidiyon da babu tsalle, irin na tafiya a tsaye wuri ɗaya ana ɗaga ƙafa ana kaɗa hannu, maƙwabciyarki ma ta huta. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko aka yi sati biyu ba sauƙi, ki je a duba ta.

Malam Auwal Ikorodu:

Salam. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare ta wajen Ikorodu, zan ƙara a kan na Malama Hadiza ta ɓangaren da ba a cika taɓawa ba.

Akwai binciken Jami'ar Jihar Oregon na Farfesa Brad Cardinal da abokan aikinsa, labarinsa ya bazu a farkon 2016. Su ba kitse suka auna ba, faifan motsa jiki 10 da suka yi kasuwa suka ɗauko suka zauna suka bi kalaman da masu koyarwar ke faɗa, suka kuma duba irin mutanen da ake nunawa. Sai suka tarar a cikin kalaman da ake faɗa da sunan ƙarfafa gwiwa, ɗaya cikin 7 na kashe gwiwa ne, irin wanda zai sa mai kallo ya ji ya gaza. Kuma yawancin waɗanda ake nunawa sirarran matan Turawa ne cikin kaya masu bayyana jiki. Wannan a DVD ne, amma a ganina duk wanda ya buɗe YouTube ko TikTok yau ya san abin bai ragu ba. Ina ganin illarsa a ɗalibaina mata, yarinya lafiyarta ƙalau tana gudu a fili fiye da maza ta zo ta daina cin abincin rana wai cikinta bai shafe irin na wata da take bi a waya ba. Abin yana min ciwo matuƙa. Matar da ke cikin bidiyon sana'arta ke nan, shekara da shekaru take a kai, an saita haske an saita kyamara, ba wannan minti goman ne ya ba ta jikin ba.

Sannan a yi hattara da sunayen da ake liƙa wa bidiyo don a ga kamar kimiyya ce. Za ki ga an rubuta Tabata, minti 4 kacal. Izumi Tabata masani ne ɗan Japan, bincikensa na 1996 ne, daƙiƙa 20 ana aiki daƙiƙa 10 ana hutu har sau 8, amma a kan keken gwaji aka yi shi da samari majiya ƙarfi, kuma da tsananin da sai sun galabaita liƙis. A yawancin bidiyo agogon kawai aka ara. Haka na minti 7 ɗin nan da ya yi tashe, Brett Klika da Chris Jordan ne suka wallafa tsarin a 2013, motsi 12 kowanne daƙiƙa 30 da hutun daƙiƙa 10, kujera da bango kawai ake buƙata. Tsari ne mai kyau, ni ma ina sa manyan ɗalibaina, amma su kansu masu shi cewa suka yi a maimaita zagayen sau 2 ko 3, kuma sun ja kunnen masu ƙiba da masu tsohon rauni da waɗanda suka daɗe ba su motsa ba. Wannan jan kunnen ba ya zuwa cikin bidiyo.

Babbar matsalar bidiyo ita ce ke kina ganinsa shi ba ya ganinki. A fili in yaro ya tsugunna na ga gwiwoyinsa sun karkato ciki ko dunduniyarsa ta ɗaga nan take nake gyara shi, waya kuwa ƙirge kawai za ta ci gaba da yi ko kina yin daidai ko ba kya yi, kuma in kina ƙoƙarin kamo saurin mai koyarwar nan ne ake jin ciwo. Hajiya ki tsaya gaban madubin sif ko ki ɗauki kanki a waya ta gefe sau ɗaya ki kalla ki goge. Wajen tsugunno ki sa kujera a bayanki, ki tura mazaunai baya har ki taɓa ta ki miƙe, dunduniya a ƙasa, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Kina da ikon danna tsayawa ki huta, ba wanda ke miki maki. In za ki zaɓi bidiyo ki nemi wanda ake fara ɗumama jiki, mai koyarwar tana bayani ba ihu ba, kuma akwai wata a gefe da ke nuna sauƙaƙƙen salon kowane motsi. Wanda aka sa wa wa'adin kwanaki da hoton kafin da bayan ki wuce shi kawai.

Ummu Sudais:

Maman Ilham 'yar uwa wlh kamar labarina kike bayarwa. Mu nan Idi-Araba wasu daga matan islamiyyarmu muka haɗa ɗan guruf a WhatsApp, ba wani babban abu muke ba, bidiyo ɗaya muke zaɓa na sati irin na tafiya a ɗaki ɗin nan da Anti Hadiza ta ce, kowa tayi a ɗakinta lokacin da ya mata, in ta gama ta turo alamar tayi, in aka ji ki shiru kwana biyu sai wata ta kira taji ko lafiya. Wannan kiran shine sirrin wlh, don lokacin kullen korona a 2020 mata nawa ne suka fara bin bidiyo, ana buɗe gari kowa ta watsar, ke kaɗai a ɗaki ranar da yaro ya hanaki barci ba abinda zai tasheki, amma in kinsan Maman wance zata tambaya sai kiji kunya ki miƙe ko minti goma ne.

Maganar data kuma tunda aka ƙara kuɗinta a farkon 2025 ba wadda ke kallo kai tsaye a cikinmu, mutum ɗaya ke saukewa da datar dare ta tura wa na kusa da ita ta Xender in an haɗu a makaranta, kuma ki rage ingancin hoton zuwa 360 ya isa, ƙafarta kikeso ki gani ba kwalliyarta ba. Masu damuwa da kiɗa ki kashe sautin gaba ɗaya, in kika yi ta bi zaki haddace motsin ma ki ajiye bidiyon ki kunna karatu ko rediyo kina yi. Akwai kuma mata musulmai masu koyarwa cikin sutura in kika bincika, ni su nafi sakewa dasu ko yara sun shigo ba wani ɓoye waya.

Ba sai kin sayi ƙarfen ɗagawa ba, robar ruwa babba ta lita 1.5 in kin cikata kilo ɗaya da rabi ce, guda biyu sun isheki farawa. Ranar da ba wuta ba fanka ki buɗe taga ki rage lokaci ki ajiye ruwa kusa, kuma mai shayarwa kam ki sha sosai. Da azumi mu bayan tarawi mukeyi kaɗan, wasu kuma dab da shan ruwa amma mara nauyi.

Ni dai tumbina bai ɓace ba gaskiya, ya ɗan ragu ne, amma ina hawa benenmu da bokitin ruwa ban tsaya a hanya ba, barcina ya gyaru, ciwon bayan da nake tashi dashi ya ragu sosai, wannan ya isheni godiya ga Allah. Ki nemi ko mata biyu ne a layinku ku fara.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baffa na ji maganar cin dare kuma zan gyara in sha Allah. Malam Auwal zan gwada na kujerar. Ummu Sudais akwai matan gidanmu biyu da na san za su so.

Anti Hadiza akwai abin da ban faɗa ba, haihuwar nan tiyata aka yi min. Kuma in ina yin na cikin nan da ake kwanciya a ɗago, sai na ga wani tudu ya taso a tsakiyar cikina daga saman cibiya zuwa ƙasa, in na koma na kwanta ya ɓace. Ba ya ciwo. Wannan tumbin ne ko wani abu ne daban?

Hadiza Fisiyo:

Yauwa Anti gara da kika faɗa, wannan ya canza shawarar. Abin da kika kwatanta ya yi kama da rabewar naman ciki, tsokoki biyu ne dogaye a gaban ciki dama da hagu, juna biyu yana buɗa tsakaninsu, a wasu matan su koma da kansu a watannin farko a wasu kuma ratar ta zauna. Ya zama ruwan dare a masu haihuwa, kuma yana sa ciki ya fito ko da kitsen ba shi da yawa. Ki gwada da kanki, ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ki sa yatsu a saman cibiya ki ɗago kai kaɗan, za ki ji gefen tsokar dama da hagu sun matso. In yatsu biyu ko fiye suna shiga tsakani, ko tudun nan yana tasowa, ki ajiye kwanta-tashi da wanda ake tokare jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa tukuna, don duk motsin da ke tura tudun waje ya fi ƙarfin cikin a yanzu.

Abin da za ki fara da shi ba shi da gumi ko kaɗan. A kwancen nan ki ja numfashi, in kina fitarwa ki ja ƙasan mararki ciki a hankali tare da matse tsokar da ake riƙe fitsari da ita, ki riƙe 'yan daƙiƙu kina numfashi ki saki, ki maimaita kamar sau goma. In za ki tashi daga gado ki fara juyawa gefe ki tokara da hannu. Akwai bidiyo na masu jego da likitocin gashin ƙashi suka yi, su za ki nema.

Amma tunda tiyata ce ina so ki je a taɓa cikin da hannu ko sau ɗaya ne, don wani lokaci hanji ne ke leƙowa ta wajen ɗinki ko ta cibiya, kuma wannan ba bidiyon da ke gyara shi. In kumburin ya taɓa yin tauri ko ciwo ko ya ƙi komawa, ko aka haɗa da amai, asibiti a ranar ba jira. In kin je ki sa a auna miki hawan jini da yawan jini ma, don ƙarancin jini bayan haihuwa shi ma yana kawo irin hakin da kika faɗa. Wajen auna ci gaba kuma ki bar sikeli ya huta, ki ari tef ɗin tela, abin da ake so faɗin ƙugu ya gaza rabin tsawonki, mai tsawon santimita 160 ƙugunta ya zama ƙasa da 80. Sau ɗaya a wata ya isa. Kuma dan Allah kar ki hora kanki da yunwa kina shayarwa.

Baffa Mile 12:

To Malama Hadiza na ji bayani kuma na gamsu, Allah ya ƙara ilimi. Ni har yanzu ina kan bakana a kan masu alƙawarin sati biyu, ku ma ai kun tabbatar. Amma zancen tsofaffin nan na Amurka ya tsaya min a rai. Ina da hawan jini ina shan magani, likita ya ce in riƙa tafiya, to kasuwa ba ta barin mutum, daga asuba sai magariba. Malam Auwal irin mu akwai wanda ya dace da mu a wayar? Yarona zai iya sauke min.

Malam Auwal Ikorodu:

Akwai Baffa, a ce ya nemo maka na dattawa wanda ake yi da kujera, yawanci minti 15 zuwa 20 ne, ba tsalle ba kwanciya a ƙasa. Amma kai kasuwar ma fili ce, kafin ciniki ya kankama ka taka da ɗan sauri daga rumfarka zuwa bakin titi ka dawo, bayan azahar ka ƙara, ko minti goma goma ne suna taruwa. A kan bencinka ma ka miƙe ka zauna sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, in da wuya ka fara da dafawa. Abin da za ka kiyaye saboda hawan jinin, kar ka riƙe numfashi kana yunƙuri, kar ka ɗaga abu mai nauyi sosai, kuma kar ka ajiye magani don ka fara motsa jiki. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ko numfashi ya sarƙe ka tsaya nan take a kai ka asibiti. Ranar da za ka koma ganin likita ka nuna masa bidiyon a wayar ya gani kafin ka ƙara lokaci.